Gurbin da Muka Samu a Bakin Kogi

Ba ni da tabbacin cewa duk abin da zan faɗa a nan haka ya faru daki-daki. Shekaru sun ɗan ja, ni kuma mutum ne mai yawan juya abu a zuciya, kuma na lura cewa abin da aka cika juyawa yakan sauya kama ba tare da mai shi ya sani ba. Inda na tabbata zan ce na tabbata, inda nake shakka zan faɗa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin ban nemi izinin kowa ba.

A shekararmu ta uku a jami'a, a Wudil, akwai kwas ɗin koyon kasuwanci da dogaro da kai da aka wajabta wa kowa, ko me yake karantawa. Ni Fiziks nake yi. Mu da 'yan Lissafi da 'yan Kemistiri da masu karatun gona duk aka haɗa mu a babban ɗakin lakca, wasu a kan kujera, wasu a jikin taga. Yawancinmu mun ɗauki kwas ɗin a matsayin wani shinge da za a tsallake kawai. Malamar da take koyar da mu kuwa da gaske take yi. Maganarta guda ce take maimaitawa har muka haddace: ɗan kasuwa shi ne mai ganin gurbin da kowa ya wuce bai gani ba. Takan ƙara da cewa duk inda muka tambaya aka ce mana "haka muka taras," to mu tsaya nan, domin galibi a nan dama take kwance.

Rabin makin kwas ɗin a aikace yake. Aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya haɗa wani abin sayarwa, ya zaɓi wurin da zai kasa shi, ya sanar da Malama wurin. Da zarar an sanar ba a canzawa. Ita kuma za ta zo duba kowane rukuni ranar da ta ga dama, ba sanarwa. Wanda ta je ba ta tarar da shi ba, ya faɗi.

Mu biyar ne a rukuninmu, amma biyu ba su cika zuwa ba, har yanzu fuskokinsu ba sa zama mini sosai. Mu ukun da muka riƙe aikin su ne ni, da wata 'yar Kemistiri mai saurin magana, da wani ɗan Lissafi da kowa yake kira Dattijo. Ba sunansa ba ne. An laƙaba masa ne saboda ya daɗe a makarantar fiye da kowa a cikinmu. Ya yi doguwar jinya a tsakiyar karatunsa, kwasa-kwasai suka taru masa, ya yi ta biyan su ɗaya bayan ɗaya har ya rage wannan kaɗai. Shekarun da makaranta take yarda ɗalibi ya yi sun ƙare masa a wannan zangon. In ya ci, ya fita da digiri. In ya faɗi, ya koma gida hannu biyu. Ya taɓa gaya mini mahaifiyarsa ta sanar da dangi bana zai gama, kamar yadda ta sanar da su bara.

'Yar Kemistiri ce ta ce mu yi sabulun ruwa, tunda ta iya haɗa shi. Dattijo ya ce to ai bakin kogi ya kamata mu kai, inda masu wanki da masu wanke babura suke yini. Muka fita zagaye da hantsi, muka bi gaɓa har muka kai wani mashigi da kwalekwale suke sauke mutanen ƙetare. Ba zan faɗi takamaiman wurin ba. Cike yake da jama'a: mai shayi, masu kifi, masu ɗiban yashi, mata masu ƙosai, kowa ya matse ɗan'uwansa a cikin rana. A tsakiyar wannan matsi kuwa ga wani babban ɓaure mai inuwa lumshi, ƙasansa a ɗan tudu, a share tas, ba ko karan sigari. Ba kowa a ciki. Duk wanda ya sauka daga kwalekwale dole ya wuce ta gabansa.

Dattijo ya kama hannuna ya matse. "Malam, ka ga gurbi? Wallahi kamar Malama ce ta zana shi a allo."

Ni dai na ce mu tambaya tukuna. Muka je wurin mai shayi, muka yi doguwar gaisuwa, muka tambayi mai wurin.

"Ba mai shi," in ji mai shayi, yana fifita garwashi.

"To za mu iya kasa kaya?"

Ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "'Yan makaranta ne ku ko? Ba a dai zama a nan."

"Saboda me?"

"Haka muka taras."

'Yar Kemistiri ta juya baya don kada ya ga dariyarta. Ina tuna cewa ni ma na ji wani daɗi, irin na ɗalibin da tambayar da ya karanta ta fito a jarrabawa. A ranar muka sanar da Malama wurinmu.

Muka ari wani dogon benci mai gajerun ƙafafu, muka jera kwalaben sabulu a kai. 'Yar Kemistiri ta ce ƙura da zafi suna ɓata launin sabulu, don haka ta kawo farin zanin gadonta, muka lulluɓe kayan daga wannan kai zuwa wancan, muka bar 'yan kwalabe a ƙasa don talla. Muka zauna a kan saiwar ɓauren muna jiran masu saye.

Abin da na fara lura da shi shi ne sauti. Kwalekwale yakan taso daga ƙetare da hayaniya, mata suna ta hira, ana ciniki tun a kan ruwa. Da ya kawo inda za a iya hango ɓauren sai hayaniyar ta mutu, sai ƙarar sandar tuƙi kawai. Mutane su sauka, su wuce ta gabanmu da sauri-sauri, leɓunansu suna motsi. Masu babura sukan kashe injin tun daga nesa, su tura da hannu har su wuce mu sannan su tayar. Na ga mace ta juyar da kan ɗanta da tafin hannunta. Wasu maza sukan matso, su leƙa, su ga kwalaben da ke ƙasa, su sauke numfashi, su dube mu da wani irin kallo da ban iya fassarawa ba a lokacin, su tafi.

"Ladabi ne," in ji Dattijo. "Sun ga 'yan jami'a."

"Ladabin da ba ya sayen sabulu a kai shi kasuwa," in ji 'yar Kemistiri. "Dattijo, ko fuskarka ce take korar su? Ka ɗan yi murmushi mana, kamar wanda zai gama bana."

Mun sayar da kaɗan, amma sai in mun ɗauki kwalba mun bi masu wanki har bakin ruwa. A can suna saye, har su yi mana wasa. Ba wanda ya taɓa miƙo hannu ya karɓi kaya a cikin inuwar.

Sai tsohuwar. Ina jin tun rana ta farko ta zo, amma 'yar Kemistiri ta ce sai daga baya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai baƙin mayafi da ya koɗe, da guntuwar tsintsiya a hammata. Ita kaɗai ce take shigowa inuwar kai tsaye. Takan cire takalmanta a gefe, ta yi sallama ƙasa-ƙasa ba tare da ta dube mu ba, ta durƙusa a gefen bencin ta wajen gabas, ta ɗaga gefen farin zanin da yatsu biyu, ta leƙa. Ta daɗe tana kallon kwalaben. Sannan ta ce, "Ba shi ba ne," ta mayar da zanin, ta gyara shi, ta lallaɓa shi da tafin hannu. Daga nan ta share ganyen da ya zubo, ta sa takalmanta ta tafi.

Ranar da ta fara zuwa Dattijo ya bi ta da kwalba. "Iya, wane iri kike nema? Akwai mai ƙamshin lemo, akwai mai ƙamshin fure. Ki gwada, in bai yi kumfa ba ki dawo da shi." Ba ta waiwayo ba. Ya dawo yana cewa wannan kwastoma ce mai wuyar sha'ani, amma tunda tana dawowa, akwai abin da take so a wurinmu. Har ya ce a rubuta ta a rahoto.

Mai gidan da nake haya a Sabon Gari ne ya warware mini. Tsohon malamin firamare ne, yakan zauna a soro bayan la'asar. Ya tambaye ni yadda kasuwa take, na ba shi labari ina dariya, har da na tsohuwar. Bai yi dariya ba. Ya sa na sake kwatanta masa wurin, sannan ya ajiye rediyonsa.

Ya ce duk wanda ruwa ya ci a wannan yankin, in masunta suka tsamo shi, a ƙarƙashin ɓauren nan ake shimfiɗe shi, a lulluɓe, har danginsa su zo su gane shi. Sau da yawa ruwa daga nesa yake kawo mutum, ba wanda ya san shi, don haka dole a sami wuri guda da kowa ya san zai duba. Shi ya sa ake barin inuwar a buɗe. Mutumin da ke cikin kwalekwale in ya hango fari a ƙarƙashin ɓaure, ya san an tsamo wani, sai ya fara lissafin waɗanda ya bari a gida. Tsohuwar kuma, in ji shi, daga wajen Achika take. Ɗanta ya shiga ruwa wata damina da daɗewa, ba a gan shi ba har yau. Duk sanda ta ji an ce akwai fari a ɓaure sai ta taho.

Na ce, "Baba, to me ya sa ba wanda ya kore mu?"

Ya ce, "Da wane baki? Ba a taɓa korar kowa daga wurin nan ba. Ba a kuma saba ganin wanda ya zo da ƙafarsa ba."

Washegari na gaya wa sauran. 'Yar Kemistiri ta cire zanin nan take, ta ninke shi ta cusa a jaka. Na ce mu tashi. Dattijo ya ce mu je mu roƙi Malama a canza mana wuri. Muka je ofishinta muka tarar a kulle, aka ce ta fita zagayen duba rukunoni, ba a san ta inda za ta ɓullo ba. Shugaban aji ya ce wasu ma sun nemi canji an hana su.

"Ku ku tafi," in ji Dattijo. "Ku in kun faɗi kuna da baɗi. Ni zan zauna. Ba zagin kowa na yi ba, sabulu nake sayarwa."

Ba mu iya barinsa ba. Muka ci gaba da zuwa, kwalabe a buɗe ba lulluɓi, muka ja bencin zuwa gefen inuwar iyakar yadda za a ce har yanzu muna wurin da muka sanar. Damina ta yi nisa, kogin ya cika ya yi ja, yana tafe da karan gero da rassan itace. Na kasa daina kallon abin da yake tafe a kansa. Kowane kututture sai na bi shi da ido har ya wuce.

Tsohuwar ta sake zuwa sau ɗaya a wannan tsakanin. Ta cire takalma, ta matso, ta ga ba zani. Ta tsaya hannunta a miƙe, yatsu biyu a haɗe. A karo na farko ta dube ni cikin ido ta ce, "Ɗan nan, kun ɗauke shi ne?" Ban san abin da na amsa mata ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, rana tas, ba ko gajimare. Na ga mai shayi ya miƙe tsaye yana kallon ruwa, sai masu kifi suka miƙe, sai kowa. Kwalekwale biyu ne suke tahowa a jere, a hankali, mutanen ciki a tsaye, ba mai magana. Ba wanda ya ce mana komai. Mu da kanmu muka ɗauki bencin, kwalabe suna zubewa, muka kai shi bayan rumfar mai shayi. Suka fito da shi a cikin tabarma, wani matashi ne mai ɗiban yashi, aka ce tun jiya ake nemansa. Suka shimfiɗe shi daidai inda bencinmu ya fara zama. Wani dattijon masunci ya waiwaya yana neman abin rufawa, sai 'yar Kemistiri ta buɗe jakarta ta miƙa masa farin zanin. Ta ce mini daga baya ta yi ta yawo da shi ne don ta rasa yadda za ta yi da shi, ba ta iya kwana a kai ba, ba ta iya yarwa ba. Tsayinsa ya yi daidai.

Ba mu bar wurin ba sai da tsohuwar ta zo. Mutane suka buɗa mata hanya. Ta durƙusa, ta ɗaga gefen zanin, ta leƙa, ta faɗi abin da ta saba faɗa, ta gyara shi da tafin hannu.

A hanyar komawa, da muka kai titi, Dattijo ya tsaya. Nan ya ce, "Na gama. Ko digiri goma ne." Muka bar bencin da ragowar kwalaben a wurin mai shayi, ba wanda ya sake komawa cikinmu har ranar gabatar da rahoto. Malama ba ta zo ba tukuna, kuma duk mun san ma'anar haka. Na je ɗakin Dattijo bayan 'yan kwanaki na tarar ya ɗaure littattafansa da igiya, yana neman wanda zai ba katifarsa. Ya ce abin da ya rage masa shi ne yadda zai gaya wa mahaifiyarsa.

Ranar gabatar da rahoto muka shiga ofishin Malama mu uku, don a cika ƙa'ida kawai. A kan teburinta, cikin tarkacen kayan rukunoni, na ga kwalbar sabulunmu, da takardar da ni na manna mata da hannuna.

"Ku ne na bakin kogi," in ji ta. "Wurinku ya fi na kowa. Ga inuwa, ga tsabta, ga hanyar jama'a, kun lulluɓe kayanku da farin ƙyalle tsaf. Amma wanda kuka bari a wurin bai san ciniki ba ko kaɗan."

Ta ce a makon ƙarshe ta je, wato bayan mun tashi. Ta tarar da bencin a tsakiyar inuwa, kaya a rufe, wani saurayi zaune a ƙarshen bencin ya ba ta baya yana kallon ruwa, ba takalmi a ƙafarsa, rigarsa a jiƙe har tana ɗiga. Ta yi sallama bai amsa ba. Ta tambayi farashi bai juyo ba. Ta ɗaga zanin ta ɗauki kwalba ɗaya, ta ajiye kuɗin a gurbinta, ta tafi. Ta ɗauka ɗaya daga cikin biyun nan ne da ba sa zuwa lakca.

'Yar Kemistiri ta ce, "Malama, wallahi mu mun bar wurin kafin nan. Ba mu bar kowa ba."

Malama ta yi dariya. "To wani ya riƙe muku, kuma samun mai riƙe maka shago ma yana cikin kasuwanci. Na je, na tarar da kaya, na saya. Na dai rage muku maki saboda rashin kula da mai saye. Ku kira mini na gaba."

Mun ci kwas ɗin da maki mafi ƙanƙanta da ake ci da shi. Dattijo ya kwance igiyar littattafansa. Ya fita da digirinsa a wannan shekarar.

Na yi ƙoƙarin samun bayani mai sauƙi, kuma ina ganin akwai shi, ni ne dai ban kai gare shi ba. 'Yan rukuninmu biyun nan da ba sa zuwa sun rantse ba su ma san inda wurin yake ba. Na yi zargin Dattijo ne ya koma a ɓoye, amma Malama ta san shi shekara da shekaru, ko ta ƙeya za ta gane shi. Wataƙila wani mai ɗiban yashi ne ya fito daga ruwa ya zauna hutawa, ko da yake ban taɓa ganin ɗayansu ya zauna a inuwar nan ba. Wataƙila Malama ta haɗa ranaku ne, ko ta haɗa mu da wani rukuni, amma kwalbar tamu ce. Na koma wurin mai shayi sau ɗaya don in mayar da bencin ga mai shi. Na tarar da shi a bayan rumfa inda muka bar shi. Mai shayi ya ce shi bai ga an taɓa shi ba, amma ya yi kwanaki bai fito ba saboda zazzaɓi. Zanin kuwa ya ce da shi aka tafi da mamacin. Ban ƙirga kwalaben ba. Na yi niyya, sai na fasa. Ƙarƙashin ɓauren a share yake tas.

'Yar Kemistiri, da muka yi waya bara, ta ce ita ba ta tuna Malama ta ce rigar tana ɗiga ba, cewa ta yi kawai a jiƙe take, kuma wai ni ne na ƙara sauran. Yana yiwuwa. Dattijo yana koyar da Lissafi a wata sakandare yanzu. Duk sanda na ɗauko zancen sai ya tambaye ni lafiyar iyali.

Mutane da yawa sun wuce ta mashigin nan a wannan daminar, kuma akwai 'yan ajinmu da suke tsaye a ƙofar ofis suna jiran layi lokacin da Malama take magana. Duk wanda ya ga wani abu saɓanin yadda na rubuta, ko ya ji kalmominta ba haka ba, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun tsohon shugaban ajinmu, ya san inda nake. Musamman in akwai wanda ya san wanda ya mayar da bencin nan cikin inuwa, ko shi ne ya zauna a kai, don Allah ya faɗa mini. Ba zan ji haushi ba ko wasa ne aka yi mana. Na fi son a ce wasa ne.